Tambaya: yaya masu kishin haƙƙin dukiya suke halatta kwafar littafin wani?

Baban Asiya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ya ɗaure mini kai game da 'yan libatariya, kuma na san a nan ba za a rasa wanda ya karance su fiye da ni ba.

Iyakar fahimtata ga aƙidarsu ita ce jikinka naka ne, dukiyarka taka ce, ba mai ikon taɓa ko ɗaya sai da yardarka, ko da kuwa gwamnati ce. Wasunsu har haraji suna kiransa ƙwace. To mutanen da suka kai haka wajen kare dukiya, na zaci su za su fi kowa zafi a kan satar fasaha. Sai ga shi ina ta cin karo da rubuce-rubucensu suna cewa wanda ya sauke waƙa ko littafi ta BitTorrent, wato manhajar musayar fayil a intanet, bai zalunci kowa ba, wai dokar haƙƙin mallaka ce ma zaluncin. Cibiyarsu ta Mises da ke jihar Alabama a Amurka littattafai tuli ta zuba a shafinta, kowa ya sauke kyauta.

Ba neman gardama ya kawo ni ba, abin ya shafe ni. Sana'ata haɗa wutar sola, kuma na rubuta ɗan littafin koyar da aikin, da zane-zanen da na yi da hannuna na yadda ake jera batura da lissafin kaurin waya. A fayil nake sayar da shi. Wani ya saya ya ɗora shi a wani zaure na intanet yadda yake, da sunana da komai, mutane suna ta saukewa. Wani kuma ya ɗauke shi daga can, ya cire shafin farko, ya sa sunansa, yana sayarwa.

Shin duk 'yan libatariya ne suke kan wannan ra'ayi? Kuma a ma'auninsu, mutanen nan biyu me suka yi mini? Ko ba komai?

Injiniya:

Wa alaikumus salam Baban Asiya. Allah ya mayar maka da alheri.

Ba duka ba ne, kuma rigimar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A 1855 Lysander Spooner, lauyan nan na Massachusetts da 'yan libatariya ke ɗauka kamar kakansu, ya rubuta littafi guda yana cewa tunanin mutum dukiyarsa ce har abada, 'ya'yansa su gada, jikoki su gada. Benjamin Tucker, mai jaridar Liberty, wanda ke girmama Spooner ƙwarai, ya ce sam. Marubuciya Ayn Rand tana tare da marubuta da masu ƙirƙira (ita dai ba ta yarda a kira ta 'yar libatariya ba, amma da yawa daga cikinsu ta hanyarta suka shigo). Masanin tattalin arziki Murray Rothbard ya tsaya a tsakiya. Waɗanda kake cin karo da su yanzu yawancinsu almajiran Stephan Kinsella ne, wanda ya fitar da doguwar maƙala a 2001 yana rushe abin daga tushe. Abin dariya, shi kansa lauyan rajistar ƙirƙira ne, wato haƙƙin wanda ya ƙago sabuwar na'ura ko dabara, da wannan dokar ya ci abinci. Ni dai ɓangarensa nake, gara in faɗa maka tun yanzu.

Tambayar da yake farawa da ita ita ce: me ya sa ma ake da dokar mallaka? Saboda akwai abubuwan da mutum biyu ba za su iya amfani da su lokaci guda ba. Idan na hau kekenka na tafi, kai a ƙasa za ka taka. Dole a san mai keken, in ba haka ba kullum faɗa. Amma idan na kalli kekenka na je na ƙera irinsa da ƙarfena, naka yana nan inda ka jingine shi. Thomas Jefferson ya faɗi kusan haka a wata wasiƙa ta 1813, cewa wanda ya karɓi tunani daga gare shi ya ƙaru ba tare da shi ya ragu ba, kamar mai kunna fitilarsa a jikin tasa. Kuma ba baƙo ba ne a harkar, yana cikin kwamitin farko da ya riƙa duba takardun masu ƙirƙira a Amurka.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Inda ya fi ƙarfi shi ne, haƙƙin mallakar fasaha ba ya ba ka iko a kan abin da ke hannunka, wannan dama kana da shi. Iko yake ba ka a kan abin da ke hannun wasu. Kwamfutar tawa ce, na'urar buga takardar tawa ce, tawadar da kuɗina na saya, amma doka ta ce akwai tsarin haruffan da ba zan jera a kansu ba sai da izinin wani mutum da ban taɓa gani ba, ban kuma yi alkawarin komai da shi ba. A idon Kinsella an ɗebi wani yanki na mallakata an miƙa masa ke nan. Shi ya sa suke cewa ba sun sassauta a kan dukiya ba ne, tsanantawar ce ta kai su nan.

Tarihin abin ma yana taimaka musu. A Ingila, a 1557 sarauta ta ba ƙungiyar masu ɗab'i ta Landan ikon babakere a kan buga littattafai, ita kuma ƙungiyar tana taya ta toshe abin da ba ta so a karanta. Marubuci ba ya cikin lissafin. Sai a 1710 dokar Sarauniya Anne ta ba marubuci shekara 14, in yana raye a ƙara masa 14. Amurka ta kwaikwayi wannan a 1790. Yau a Amurka wa'adin shi ne tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70, na kamfani kuma shekara 95 daga fitowa. Ƙarin shekara 20 na ƙarshe a 1998 majalisa ta yi shi, har kan ayyukan da masu su suka daɗe da mutuwa, Kotun Ƙoli kuma ta amince a 2003. Mamaci dai ba ya rubuta sabon littafi don an ƙara masa wa'adi. Ni tambayata kullum ita ce, in dukiya ce ta gaskiya me ya sa take ƙarewa? Ba wanda ake ce wa gonarsa ta zama ta kowa bayan shekara 95. In kuma gata ce da majalisa ke bayarwa tana ja tana saki, to a kira ta da sunanta.

Sai batun yadda ake tilasta ta. Da Napster, dandalin musayar waƙoƙi, ya fito a 1999 yana da babbar kwamfuta guda mai riƙe da jerin waƙoƙin, don haka kotu ta samu wuyan da za ta shaƙe, a 2001 ya rufe. A shekarar ce Bram Cohen ya fito da BitTorrent, inda kowane mai saukewa yake kuma ba wasu guntun abin da ya riga ya samu. Ba wuya guda kuma. Sai kamfanonin waƙa suka koma kan ɗaiɗaikun mutane daga 2003, suka maka dubun dubata a kotu kafin su haƙura a 2008. Wata mata a jihar Minnesota, a kan waƙoƙi 24, an yanke mata dala 222,000, da aka sake shari'ar ta koma dala miliyan 1.92, daga baya aka dawo kan na farko. Ba yadda za a hana mutum biyu masu yardar juna musayar fayil sai an leƙa abin da ke wucewa ta layinsu. Duk ɗan libatariyar da ya ga haka sai jikinsa ya yi sanyi, ko da a ƙa'ida yana tare da Rand.

Mutanenka biyu kuwa hukuncinsu ya sha bamban. Na biyun maƙaryaci ne. Yana karɓar kuɗin mutane a kan cewa shi ya rubuta, shi ya san aikin, alhali ƙarya ne. Wannan damfara ce ko a wurin wanda ya fi kowa ƙin dokar haƙƙin mallaka, sai dai za su ce masu sayen ne aka damfara kai tsaye, su ke da ƙara. Na farkon, in ba ku yi wani sharaɗi da shi ba, Kinsella zai ce bai ɗauki komai naka ba. Cinikin da kake sa ran yi ne ya ragu, kuɗin kuma da ba su riga sun shigo hannunka ba na masu su ne. Na san ba daɗin ji.

Maman Sadik:

Injiniya, da girmamawa, ka iya tsara magana amma ka tsallake mutumin da ya yi aikin.

Ni zanen littattafan yara nake yi, don haka na san abin da Baban Asiya yake ji. Ka ce fayil ba ya ƙarewa in an kwafa. Gaskiya ne. Amma kwafi na biyu ne ba shi da tsada. Na farkon fa? Watannin da ya yi yana gwada lissafin nan don kada wani ya ƙona gidansa, su ma ba sa ƙarewa ne? Hujjar Rand ke nan a maƙalarta ta 1964: duk wata dukiya daga tunani take farawa. Ƙarfen da ke cikin ƙasa ba komai ba ne sai da wani ya san yadda zai sarrafa shi. In ka yarda mutum ya mallaki abin da hannunsa ya yi, ka hana shi abin da kansa ya yi, ka fifita gaɓar da ta fi ƙanƙanta. Batun wa'adi ma ta amsa shi: ba daidai ba ne jikokin da ba su ƙirƙiri komai ba su riƙe wa duniya wuya har abada, shi ya sa ake yankewa. Ana iya cewa shekara 70 bayan mutuwa ta yi yawa, ni ma na ce ta yi yawa. Yawan wa'adi daban, rashin haƙƙi daban.

Kuma wannan magana ta cewa majalisa ce ta ƙago shi, to takardar fili wa ya ƙago ta? Dokar gado, da hannun jari a kamfani, da bashin da ke rubuce a takarda, wanne ne ka taɓa riƙewa a tafin hannu? Ba ku ce a soke su ba. Richard Epstein, malamin shari'a da ba wanda zai ce ba ɗan libatariya ba ne, yana kare haƙƙin ƙirƙira, don haka kada a sa Baban Asiya ya ɗauka an gama magana. Mu ma a ɓangaren addini, Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa a zamanta na Kuwait a 1988 ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba.

Cibiyar Mises kuwa da gudummawar masu hannu da shuni take tafiya, aikinta yaɗa ra'ayi ne, duk wanda ya kwafa ya taya ta aiki. Kinsella da aikin lauya ya ci abinci. Mai sauƙi ne ka yi kyauta da abin da ba da shi kake ciyar da gida ba.

Ka kuma ba ni amsar magani. Kamfani ya shekara goma yana gwaji, magunguna da yawa su faɗi a hanya, ɗaya ya tsira, washegari wani ya auna sinadarin ya fara bugawa. Wa zai sake zuba kuɗinsa?

Ɗan Lauya:

Ƙarin bayani kaɗan ta fuskar doka. Kotun Ƙolin Amurka da kanta, a shari'ar Dowling ta 1985, ta ce keta haƙƙin mallaka ba daidai yake da sata ba, domin mai haƙƙin ba a raba shi da abinsa ba. Laifi ne, amma mai zaman kansa. A 1984 ta wanke Sony a kan na'urar bidiyo ta Betamax saboda tana da amfani na halal mai yawa, a 2005 kuma ta kama Grokster, kamfanin manhajar musayar fayil, saboda ya kwaɗaita wa mutane keta doka. Wato ba fasahar ake hukuntawa ba, niyyar mai ita ce.

Sannan falsafa daban, abin da alƙali zai yi aiki da shi daban. Ƙasashe sama da 180 suna cikin yarjejeniyar Berne, wadda ta ce haƙƙinka yana tabbata da zarar ka rubuta, ba sai ka yi rajista ba. Waɗanda suka kafa The Pirate Bay, shafin musayar fayil, a Suwidin suna da hujjoji irin na Injiniya, amma a 2009 an yanke wa mutum huɗu shekara ɗaiɗai a kurkuku da diyyar kurona miliyan 30. Baban Asiya, a doka kana da ƙara a kan su biyun.

Baban Asiya:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Maman Sadik, kin faɗi abin da ke raina fiye da yadda zan iya.

Injiniya, ka ce “in ba ku yi wani sharaɗi da shi ba”. To in na rubuta a shafin farko cewa na sayar maka bisa sharaɗin ba za ka ba kowa ba, ya kuma danna ya amince kafin ya biya, shi ke nan na rufe ƙofar ko a wurin mutanenka? Ka kuma ce Rothbard yana tsakiya amma ba ka faɗi tsakiyar ina ba.

Injiniya:

Baban Asiya, abin da ka kawo shi ne ainihin matsayin Rothbard a littafinsa na tattalin arziki na 1962. Ya ce marubuci yana iya sayar da littafi ya riƙe haƙƙin kwafa, kamar yadda ake kowace yarjejeniya, wanda ya karya kuma ya ci amana. Haƙƙin ƙirƙira ne ya ƙi, saboda yana kama har mutumin da ya gano abu da kansa bai taɓa ganin na wani ba. Takardun Alexander Graham Bell da na Elisha Gray a kan tarho rana ɗaya suka isa ofishin rajista, 14 ga Fabrairu 1876. Ɗaya ya zama mai tarho, ɗayan ya zama wanda za a iya kai wa kotu in ya ƙera abin da ya fito daga kansa.

Sharaɗinka zai kama mai sayen farko, a nan ba ni da ja, kuma ina ganin ya kamata ka sa shi. Matsalar mutum na uku ce. Wanda ya tsinci fayil ɗin a zaure bai yi alkawari da kai ba, yarjejeniya kuwa ba ta hawa kan wanda bai shiga ba. Rothbard ya yi ƙoƙarin cewa mai sayen bai mallaki haƙƙin kwafa ba, don haka ba zai iya miƙa wa wani abin da ba shi da shi ba. Kinsella ya ce wannan ya riga ya ɗauka cewa bayanin kansa dukiya ne, alhali shi ne abin da ake gardama a kai. A ganina Kinsella ya fi gaskiya a nan. Ƙofar za ta rufu a kan mutum ɗaya, ba a kan duniya ba. Abin da masu sayar da fayil da yawa suke yi shi ne buga sunan mai saye a kowane shafi, in ya fita a san ta inda ya fita.

Maman Sadik, takardar fili da hannun jari da bashi duk suna komawa kan abin da in wani ya ɗauka wani ya rasa, don haka ba su zama ɗaya da waƙa ba. Amma tambayarki ta wa zai biya kwafin farko tambaya ce ta gaske, sai dai ta koma ta me zai fi amfani, ba ta wa ke da haƙƙi ba. A nan tarihi ba ya ɓangare guda. Har 1891 Amurka ba ta kare marubutan waje ba. Marubucin Ingila Charles Dickens ya je can a 1842 yana ta ƙorafi a kan haka, kuma yana da dalili. Duk da haka masu ɗab'in Amurka sun riƙa biyan marubutan Ingila don a aiko musu da shafuka kafin littafi ya fito, saboda riga kowa shiga kasuwa kuɗi ne. Holan ta soke dokar ƙirƙira a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912, a tsakanin nan aka kafa kamfanin Philips a 1891. Michele Boldrin da David Levine, a littafinsu na 2008, sun ce haƙƙin da majalisar Ingila ta tsawaita wa James Watt har 1800 ya jinkirta ci gaban injin tururi, ko da yake wasu masana sun musanta musu wannan, har cikin 'yan libatariya. Waƙa kuma, abin da ya janye mutane daga saukewa ta bayan fage ba tsoron kotu ba ne kawai. Apple ya buɗe shagon iTunes a 2003, Spotify ya fito a 2008 daga Suwidin ɗin nan ta The Pirate Bay, biya ya zo ya fi wahalar nema sauƙi.

Akwai kuma abin da 'yan ɓangarena suke yawan kawowa wanda ni ba na kawowa, wato Linux, manhajar tafiyar da kwamfuta da kowa ke iya kwafa kyauta. Lasisin GPL da yake tafiya a kai da dokar haƙƙin mallaka yake aiki. Ita ce ke tilasta wa wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta ya saki gyaransa. A soke dokar, wannan tilascin ma ya tafi.

Magani shi ne wuri mafi wuya, ban ɓoye ba. Amsar da ake bayarwa ita ce babban kaso na kuɗin yana tafiya ne a gwaje-gwajen da hukuma ta wajabta, kuma binciken tushe da yawa jami'o'i ne ke yi da kuɗin jama'a. Wasu suna kawo shawarar a sa kyauta mai tsoka ga wanda ya gano magani maimakon babakeren shekara 20. Amma in gwamnati ce za ta ba da kyautar daga haraji, ɗan libatariya ya gudu daga gara ya faɗa gidan zago. Na fi samun natsuwa da hujjata a kan waƙa da littafi fiye da a kan magani.

Kan mutum na biyu dai duk mun haɗu, ni da ke da Ɗan Lauya. Baban Asiya, ka adana fayilolinka na asali masu kwanan wata da zanen hannun kafin ka wanke su a kwamfuta, ka ɗauki hoton tallarsa da sunansa a kai, sannan ka nemi ko mutum biyu cikin waɗanda suka saya a wurinsa su tambaye shi dalilin da ya sa aka zaɓi kaurin wayar da ke babin batura.